Ƙaton da Ya Saki Bangon Ruwa

Na yi gardama a kan mutumin nan da Turanci a Kumasi, na yi da Faransanci a Kwatano, na yi da Larabci a Hartum, alhali mutumin bai taɓa shaƙar iskar duniya ba. Zane ne a kan takarda. Yanzu da gwiwoyina ba sa kai ni ko kasuwar Minjibir sai a bayan babur, na ga gara in rubuta ra'ayina sau ɗaya in huta, tunda yawancin waɗanda muka yi ta musun da su sun riga mu gidan gaskiya.

Littattafan labarin zane ne, waɗanda 'yan birni ke kira komik. Sirara ne, kowane shafi an yanka shi gida-gida, kowane gida da hotonsa, magana kuma tana fitowa daga bakin mutum a cikin wani abu mai kama da ƙwai. Na fara saninsu ina yaron mota a hanyar Kurmi. Da na koma yi wa fataken goro tafinta sai suka zama abokan zaman jira, jiran kaya, jiran jirgi, jiran ma'aikatan kan iyaka su gama shan shayi. Duk wata sabo yake fitowa. A cikin jaruman da ake zanawa, masu tashi sama da masu fitar da wuta ta tafin hannu, ɗaya na ɗauka nawa. Shi ba ya tashi sama. Baiwarsa ita ce in ya kafa ƙafafunsa a ƙasa babu abin da ke ture shi, ko jirgin ƙasa ne. Kayansa masu launin shuni ne, sun ɗame shi kamar fata. Sunansa na Turanci bai zauna a bakin mutanenmu ba, sai aka riƙa ce masa Ƙato a ƙauyenmu, ni ma haka zan kira shi.

Labarin da ya raba kan masu sonsa shi ne wannan. Birnin da yake karewa yana ƙarƙashin wata babbar madatsar ruwa. Ran nan bangon madatsar ya tsage. Ƙato ya ruga ya sa baya ya tokare shi, ya ce wa mutanen birnin, na riƙe, ku gyara bangon ko ku kwashe ku hau tudu. Aka yi masa tafi. Littafin wata na gaba ya fito, yana nan a tokare. Manyan gari sun kafa kwamiti. Na gaba ya fito, masu sayar da abinci sun kafa rumfuna kusa da ƙafafunsa saboda 'yan kallo, ana kawo yara suna ɗaukar hoto da shi. Babu faɗa, babu mugu, sai mai zanen da ke ƙara masa gemu yana rage masa nama. Daga ƙarshe Ƙato ya sa musu ranar da zai saki bangon. Ya faɗa, ya maimaita. Wasu suka kwashe, da yawa suka yi dariya. Da ranar ta zo sai ya miƙe tsaye ya yi tafiyarsa. A shafin ƙarshe ruwa ya shanye unguwannin gangare, ga mutane a kan rufin gidaje, ga takalmin yaro yana yawo a kan ruwa, ga kuma bayan Ƙato yana tafiya, shatin duwatsun bangon ya fito raɗau a fatarsa.

Wani akawu a Kumasi ya yaga nasa a gabana, ya rantse ba zai ƙara saye ba. Wani ma'aikacin kwastan a Kwatano, da ya karanta na Faransanci, ya ɗaga kafaɗa ya ce sai yau aka rubuta labarin manya. A Hartum kuwa, wanda ya mayar da shi Larabci zuciyarsa ba ta ɗauka ba, sai ya cire shafukan ƙarshe, ya rubuta a ƙasa cewa ciwo ne ya kayar da jarumin. Ni ina cikin masu fushi. Ra'ayina a lokacin shi ne jarumi ba ya sakin bango. In zai mutu a ƙarƙashinsa, ya mutu.

Da wannan ra'ayin na dawo gida a shekarun nan da ruwa ya riƙa ɗaukewa tun gero bai fitar da kai ba, sannan cuta ta faɗa wa gyaɗa ta nannaɗe ganyenta. Fataucin goro ya mutu a hannun iyayen gidana, ni kuma labarin gida ya ishe ni. Na zo da garin kwaki a buhu da akwatin ƙarfe, littattafan suna can ƙasan akwatin.

Na ga ƙasashen da mutum zai yi tafiyar yini a daji bai ga gona ba. Mu a nan gona tana jingine da gona, gamba ce kawai ta raba su. Kowace ɗorawa da mai ita, kowace kuka da mai ita, ko kashin jaki ne ya faɗi a hanya akwai mai jiran sa. Babu dajin da za a gudu a shiga in gona ta ƙi.

Gidanmu gandu ne. Tun rasuwar mahaifinmu yayanmu babba ne ke riƙe da shi. Ƙannensa da 'ya'yan baffanmu marigayi, kowa da iyalinsa, duk tukunya ɗaya. Ka'ida ita ce a yi aikin gonar gandu daga safe zuwa azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa, wato 'yar gonar da abin cikinta nasa ne shi kaɗai. Mai gandu shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke sayen fartanya, shi ke yi wa saurayi aure, shi ke ajiye iri. A shekarar ƙoshi tsari ne mai daɗi. A shekarar fari kuwa na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum zai zo gonar gandu rana ta ɗaga, ya yi kunya biyu ya ce ƙugunsa. Ɗan abin da gayauna ta bayar a ɓoye shi ƙarƙashin gado, da magariba a miƙo kwano a tukunyar gandu. Ba mugaye ba ne. Tsoro ne ya kama kowa, kowa kuma ya san Yaya yana nan. Autanmu ya fi kowa sanin haka. Yini yake a wurin dara, in aka yi masa maganar rumbu ya ce, "Ai Yaya na nan."

Yaya ya sayar da jakin da yake ɗauko mana taki daga birni. Ya sayar da babbar rigarsa ta zuwa idi. Wani lokaci sai ya ɓace kwanaki, ya ce ya je gaida wani aboki. Wata rana ina bayan babbar mota a hanyar Bici na hango 'yan ƙwadago a jere suna nome gonar wani Alhaji, na kuwa gane sunkuyon mutum ɗaya a cikinsu tun daga nesa. Mai gandu guda, yana ƙwadago a inda ba a san shi ba. Na kawar da kai, shi ma ban san ko ya gan ni ba. Ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Inna tana raye a lokacin. Yaya ɗan farinta ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. Wancan take ce masa. In tana da saƙo sai ta faɗa wa wani a gabansa. Na zauna da mutanen da uwa ke rungume babban ɗanta a tsakiyar kasuwa, har abin ya riƙa ba ni kunya a madadinsu. Amma a shekarun nan na yi tunanin da Inna za ta iya duban Yaya ta ce masa sannu, ka gaji, da wataƙila wani abu ya sauya. Al'ada ba ta ba ta wannan bakin ba.

Bayan la'asar maza kan taru a gindin tsamiya, gaban rumfar wani tela abokin wasana. Ɗinki ya yi ƙasa, babu mai sabuwar riga, sai faci. Da ya ji ina da littattafan sai ya matsa in fito da su. Na riƙa kawo ɗaya kullum, ina nuna hoto ina fassarawa. Yunwa tana son abin da zai ɗauke mata hankali, don haka wurin ya riƙa cika.

"Malam mai harsuna," in ji tela, "yau me ƙaton naka ya yi?"

"Yana nan tokare da bango."

"Har yau? Kai, wannan ai ba jarumi ba ne, gwafa ce."

Aka fashe da dariya. Auta ya ce, "Ni da ni ne shi, wallahi kuɗin kallo zan riƙa karɓa."

"Da wane hannun?" in ji tela. "Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa zuwa hantsi."

Ranar da na kawo na ƙarshe, na nuna shafin ruwan, sai wurin ya kaure. Tela ya ajiye almakashi ya ce, "Allah wadai! Ɗan halak ba ya haka." Wani dattijo ya ce wanda ya karɓi amana ba shi da ranar ajiyewa sai ranar da aka ɗauke shi. Auta ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa matsoraci ne, a ba shi littafin ya tofa masa yawu. Ni kuwa daɗi nake ji, ga mutanen garinmu sun goyi bayana a kan ɗan kwastan na Kwatano.

Ban lura Yaya yana wurin ba sai da ya yi magana. Yana zaune can gefe a kan saiwar tsamiya, ƙafafunsa fari fat. Ba ya zuwa wurin, ranar ce kawai.

"Ya gaya musu ranar?" ya tambaye ni.

"Ya gaya musu, Yaya."

"A gaban mutane?"

"A gaban kowa. Ya yi ta maimaitawa."

"To su masu rumfa a gindin ƙafarsa, me littafin ya ce a kansu?"

Na duba. "Bai ce komai ba."

Ya miƙo hannu na ba shi. Yaya bai san boko ba, bai kuma damu da ƙwayayen maganar ba. Bayan Ƙato ya tsura wa ido, wurin shatin duwatsun, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Wanda ya zana wannan ya taɓa ɗaukar kaya." Ya tashi ya shiga gida.

Kaka ta zo da abin da ba a kira shi kaka ba sai don sabo. Da aka gama ɗaure ɗan abin da aka samu, Yaya ya aika aka kira mai unguwa da liman da wani baffanmu da ya rage, ya tara mu a zaure da hantsi. Ya ce daga wannan kakar ya raba tukunya. Kowa zai karɓi gonarsa, da fartanyarsa, da rabonsa na hatsi, da irinsa a hannunsa.

Baffa ya ce, "Kai yaro, ka san abin da kake faɗa? Ba a raba tukunya uwa tana raye. Balle a shekarar yunwa."

"Baffa, na sani," in ji Yaya. "Na auna rumbu da ido, na auna bakunan gidan nan. In muka ci gaba a haka, kafin ruwa ya sauka mun cinye iri, mu duka. Wanda ya san irin nasa ne zai ji ciwon taɓa shi. Ni na kasa tsare na kowa."

"Ubanka ya ga yunwar da ta fi wannan."

"Ubana ya fi ni, Baffa."

Liman ya yi nasiha, mai unguwa ya yi, Yaya yana kallon ƙasa. Da suka ga ba zai motsa ba sai aka bi ka'ida, babba ya raba, ƙarami ya fara zaɓa. Auta ya ɗauki gonar bakin gari mai ɗorawa. Abin da ya rage wa Yaya a ƙarshe faƙo ne can nesa, inda ruwa ke gudu ba ya shiga.

Muna fitowa daga zaure na ga Inna a ƙofar ɗakinta. Yaya yana tsaye kusa da ni, amma ni ta kalla. Ta ce, "Ka gaya wa wancan, ni ban haifi mai raba gida ba." Kafin azahar ta sa an kwashe mata kayanta zuwa sashen Auta.

Zan faɗi abin da ya biyo baya yadda na gan shi, ba zan gyara ba. 'Ya'yan baffa da ƙannenmu, mutanen da ƙugu ke hana su noma, suka miƙe. Wani ya tafi birni ga-ruwa, wani ya tafi Ikko gadi, wani ya zauna saƙar tabarma shi da matarsa. Kowa ya rataye damin irinsa a inda ko ɓera sai ya yi dabara. Ni ma na koma Kano, ina yi wa direbobin Nijar da Chadi tafinta a tasha, ina zuwa gida lokaci-lokaci. Da ruwa ya sauka, duk waɗannan gidajen sun yi shuka.

Auta bai yi ba. Ya cinye rabonsa, ya cinye irinsa, ya jinginar da gonar mai ɗorawa, bai kuma taɓa fansarta ba. A bazarar nan ƙyanda ta shigo gari, ta tarar da 'yarsa ƙarama ba ƙarfi a jiki, ta tafi da ita. Ko da ta rayu in da gandu bai rabu ba? Ban sani ba. Yara sun mutu a gidajen da ba a raba komai ba. Amma gari ya ɗora gawar yarinyar nan a kan Yaya, shi ma kuma bai ce a sauke ba. Daga rumfar tela suna ya fito, mai sakin bango. Tela da kansa ya yi nadamar fitar da shi, sai dai suna in ya fita ba ya komowa. A wurin suna ko ɗaurin aure, goron Yaya ya koma zuwa a ƙarshe.

Kullum da yamma matar Yaya takan zuba tuwo a kwano ta kai wa Inna, kamar yadda ake yi tun da. Kullum kwanon yakan dawo babu komai a ciki, da saƙo ɗaya: "A gaya wa wancan ban ci ba." Gaskiya take faɗa. 'Ya'yan Auta take zaunarwa a gaban kwanon, ita ta sha kunun kanwa ta kwanta. Da Yaya ya gane haka sai ya ce wa matarsa ta daina zubawa a kwano, ta koma zubawa a babban akushi. Ya kuma ci gaba da zuwa gaida abokin nan nasa na hanyar Bici.

A Kano, wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa, na ci karo da ci gaban labarin. Kamfanin da ke buga littattafan ya ji zafin masu karatu, ya kori marubucin ya kawo wasu. Su kuma suka ce ai wanda ya saki bangon ba Ƙato ba ne, wani matsafi ne ya ɗauki kamanninsa, Ƙato na gaskiya yana ɗaure a cikin kogo. Ya tsinka sarƙa, ya zo ya lallasa matsafin, aka sake gina birnin a shafi ɗaya, aka yi tafi. Bayansa sumul, babu shati. Na tabbata akawun Kumasi ya koma saye.

A nan ne ra'ayina ya tsaya, kuma bai ƙara motsawa ba. Na daina jin haushin sakin bangon. Abin da ban yafe ba shi ne wankin da aka yi masa daga baya, don sun ɗauki abu ɗaya na gaskiya da littattafan nan suka taɓa faɗa sun ce mafarki ne. Shi ma marubucin farko ina da ƙorafi a kansa, ƙarami. Ya zana Ƙato yana tafiya shi kaɗai a fili, hanya a buɗe, kamar wanda ya saki bango yana da inda za shi. A garinsu wataƙila haka ne. A namu, inda gona ke jingine da gona, mutum yana sakin bango zai waiwaya ya ga a gidan yake kwana, da mutanen da ruwan ya ci da waɗanda bai ci ba.

Wata damina, bayan shekaru sun ɗan yi sauƙi, na je na tarar da Yaya a faƙon nan nasa yana huɗa. Ya zuba masa taki har ya fara kama da gona. Muka zauna a inuwar gawo, wanda ba shi da ganye da damina, don haka inuwar suna ce kawai. Shi ya tayar da maganar.

"Mutumin nan naka na littafi. Ina ya ƙare?"

Na gaya masa, da matsafin, da kogon, da birnin da aka gina a shafi ɗaya.

Ya yi dariya har da tari. "Wato ba shi ba ne."

"Haka suka ce."

"To madalla. Ni wa zan ce ya shiga rigata?" Ya kakkaɓe hannu. "Sun cuce shi. Mutum ya yi abu da hankalinsa, ya sha zagi a kai, sannan a zo a ce ma ba shi ya yi ba."

Muka koma gida tare da yamma. Inna ta tsufa sosai a lokacin, ba ta fita ko tsakar gida. Muna zaune a ƙofar ɗakinsa matarsa ta dawo da akushi, ta ajiye, ta tsaya ba ta wuce ba.

"Lafiya?" in ji Yaya.

"Yau ba ta ba da saƙo ba."

"Ta ci?"

"Ban sani ba. Yaran ba sa nan da na kai. Da na koma ɗauka na tarar an ci gefe ɗaya."

Yaya ya jawo akushin ya buɗe. An ɗan gutsuri tuwon ta gefe, kamar loma uku ta mai ƙaramin hannu, ko ta wanda ba shi da haƙora. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da ya yi wa shafin nan a gindin tsamiya. Sannan ya rufe ya miƙa wa matarsa.

"Gobe ki sassauta tuƙin," ya ce. "Ya yi mata tauri."